Fender ta 1978 daga burokant na Duwala: in tura kuɗin ko in dakata?

Sadiƙu Yelwa:
Salamu alaikum 'yan uwa makaɗa. Dan Allah ina neman shawara kafin gobe da yamma. Akwai wani mai shagon burokant, wato na tsoffin kayan gwanjo, a Duwala wajen New Bell, ya turo min hoton gitar bas wai Fender Jazz Bass ce ta 1978, ta sauka cikin kontena daga Jamus, haɗe da kan ampli Peavey, wato na'urar ƙara sauti, da bafil ɗaya, wato akwatin sifika, mai sifika inci 15. Duka gaba ɗaya yace sefa dubu 280, in tura rabi ta waya ya saka min a kar ɗin ajans, wato motar kamfanin sufuri, zuwa Garwa, sauran in biya in kaya sun iso. Dubu 300 ne kaf abin da na tara a wasannin biki, kuma yana ta matsa min wai akwai wani ɗan kwayar coci da ke son ta shi ma. Wlh hoton ya tafi da ni, amma gabana na faɗuwa.

Nura Piyano:
Wa alaikumus salam. Kar ka tura ko dala. Ba a cinikin biri a sama.

Abbati Kusri:
Kai Nura bari yaro ya gama bayani mana. Sadiƙu in da gaske ta 1978 ce ai ka tsinci dami a kala, gitar kaɗai ta ninka wannan kuɗin sau nawa. Masu burokant da yawa ba su san abin da ke hannunsu ba, su firji da talabijin da tukunyar gas suka sani.

Ɗanjuma Bas (Marwa):
Abbati wannan zamanin ya wuce. Yanzu duk mai shago yana da waya, minti biyu ya buga sunan a intanet ya ga farashi. Jazz Bass ta 1978 ta ainihi a Turai ta haura sefa miliyan ɗaya nesa, to wane ne zai loda ta cikin kontena tare da tsoffin katifu ya sayar maka dubu 280 har da gyaran ampli da bafil? Shi kansa da ya iya faɗa maka shekarar ai ya nuna ya san me yake yi.

Sadiƙu ƙanena, ka ce ya turo maka hotuna guda huɗu, ba na ado ba. Na farko bayan gitar inda wuya ya haɗu da jiki. Jazz Bass ta ƙarshen shekarun 1970 noti uku ne ke riƙe da wuyanta, a kan faranti mai kusurwa uku, ba huɗu ba. Na biyu kan gitar daga gaba, lambar siriyal tun wajen 1976 a can kai ake buga ta ƙarƙashin sunan, kuma ta fara da harafin S, ta 1978 galibi S8 za ka gani. A nan kan kuma akwai wani ɗan ƙarfe mai tsini da ya leƙo inda ake ɗaure sandar cikin wuya. Na uku fuskar wuyan, alamominta murabba'ai ne manya ba ɗigo-ɗigo ba, kuma gefen wuyan akwai zare da aka bi shi da shi. Na huɗu, wanda ya fi duka, ya kwance farantin da maɓallan murya suke ya ɗauki bayan su. In na kamfanin CTS ne lambar da ke bayan su tana farawa da 137, lambobi biyu da ke biye su ne shekara, biyu na ƙarshe sati. Sitika ta suna kowa na iya mannawa, amma da wuya ɗan jabu ya zauna yana canza waɗannan.

Sadiƙu Yelwa:
Yaya Ɗanjuma Allah ya saka. A hoton da nake da shi ɗigo-ɗigo ne a wuyan. Bayan kuma bai ɗauka ba.

Abbati Kusri:
Ɗigo kaɗai ba hujja bane fa, gita mai shekara sama da 40 ana iya canza mata wuya.

Ɗanjuma Bas (Marwa):
Haka ne ana canzawa. Amma in an canza wuya to ba ta 1978 ce gaba ɗaya ba, farashinta ma ya zama wani abu daban. Kuma ni ban ce duk wadda ba ta Amurka ba banza ce. Fender sun fara yi a Japan a 1982, Squier na farko-farko da suka fito daga can masu lamba JV har yau ana rububinsu. Na Meziko ma masu lamba MN na shekarun 1990 gita ce ta aiki. Abin da nake ƙi shi ne a sa ma yaro suna a ka ya biya kuɗin suna, alhali itacen na wani waje ne.

Kawu Bello Mai Gyara:
Salamu alaikum. Na ga kowa ya taru a kan gita an bar abin da zai ci kuɗin yaron nan, wato ampli da bafil. Sadiƙu ɗana, saurara.

Gita ko ta jabu ce in wuyanta lafiya za ka yi wasa da ita ka ci abinci. Amma bafil in ya mutu, ko gitar shahararren mai bas Richard Bona aka ba ka ba wanda zai ji ka bayan layin farko na kujeru. Tsirkiyar E ta bas tana kaɗawa wajen sau 41 a daƙiƙa, in mai tsirkiya biyar ce ta B ta sauka wajen 31, irin wannan ƙara mai nauyi sai sifika ta tura iska da yawa kafin ta fito, shi ya sa takardar sifikar ke kai da komo sosai, shi ya sa kuma ta fi saurin lalacewa. Yawancin waɗanda ake kawo min shago daga kontena an riga an gasa su a can kafin a zubar.

Ga yadda ake dubawa, kuma ba ya buƙatar wuta. A cire ragar gaba. Ka baza yatsunka biyar kewaye da tsakiyar takardar ka danna a hankali daidai wa daida, ka saki. In ta shiga ta fito sumul babu ƙara to alhamdu lillahi. In ka ji karr karr kamar ana goga yashi, bobin ɗin, wato naɗin wayar da ke cikin sifikar, ya ƙone ko ya karkace yana gogar maganaɗisu. Sannan ka kai hancinka wajen ramin iskar akwatin, bobin da ya taɓa ƙonewa warin fentinsa ba ya barin akwati. Ka duba gefen takardar inda ta haɗu da ƙarfe, in na soso ne kuma tsoho yatsa kaɗai zai marmashe shi, na yadi mai ninki ya fi daɗewa. Daga nan ka samu pil, wato batir, mai bolt 9 ka taɓa wayoyin da shi taɓawa ɗaya, za ka ji ɗum, takardar ta yi gaba ko baya. In shiru, waya ta tsinke a ciki. In da multimetir na awon wuta, sifika mai om 8 (om shi ne ma'aunin juriyar wuta) za ta nuna maka wajen 5 da wani abu zuwa 6 da wani abu, kar ka ce ta lalace, haka take. Mai om 4 kuma wajen 3.

Abu na ƙarshe akwatin kansa. Ka kwance hannun ɗauka ko farantin baya ka ga irin katakon. In filawud ne mai kauri to madalla. In na garin katako ne da aka matse, wanda ya kwana a damshin Duwala, ƙasansa ya kumbura kenan, noti ba zai ƙara kamawa ba, hanyar Ngaundere zuwa Garwa kaɗai ta ishe shi.

Sadiƙu Yelwa:
Kawu na gode ƙwarai. To ampli fa? Yace yana kamawa, har ya turo bidiyo fitilar na ci.

Kawu Bello Mai Gyara:
Fitila ba ita ce ampli ba ɗana. Abu na farko ya ɗauki hoton farantin baya inda wayar wuta ta shiga. Peavey kamfanin Amurka ne, a jihar Misisipi, kuma wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 220. Wanda aka yi don Turai za ka ga 220 ko 230 ko 240 a rubuce, shi ba matsala. In 120 ka gani sai da taransfo mai rage wuta, kuma babba ba irin na aski ba, ranar da wani yaron orkes ya manta ya soka shi kai tsaye a bango shi kenan. Na biyu a kunna shi ba gita, a sa kunne. In yana huuu mai kauri ko da an rage murya, manyan kondansato sun bushe, ana canzawa amma ka cire kuɗin daga farashi. Na uku a bar shi yana aiki da ƙarfi kamar rabin awa, wasu sai sun yi zafi suke yankewa.

Ni dai a wannan cinikin ampli ne ya fi ba ni sha'awa. Tsoffin Peavey ɗin nan nauyi ne da su amma cikinsu a fili yake, taranzisto ne da taransfo, duk abin da ya ƙone ina iya nemo shi ko a Garwa ko a aiko min daga Kano. In kuma sifikar cikin bafil ɗin Black Widow ce tasu, ita kwandonta da takardar ana kwance su daga maganaɗisu da noti a saka sabo.

Mahamat Sono (Njamena):
Assalamu alaikum jama'a. Kawu da girmanka amma ni a nan ban bi ka ba. Mu da muke ɗaukar kaya daga Mursal zuwa Shagwa zuwa Farsha dare ɗaya, wannan nauyin shi ke kashe mu. Yanzu akwai ƙananan ampli da za ka saka a jakar goyo, kilo 2 ko 3, suna ba ka wat 500. Kuma gaskiya a manyan wasanni ma bas ɗin ta cikin konsol, wato na'urar haɗa sauti, muke wucewa da shi, ɗan akwatin DI da ke haɗa gita da konsol kawai, manyan sifikun bas na sono, wato kayan sautin wajen, su yi aikin, mai bas ya ji kansa a ritur, sifikar da ke fuskantar makaɗa. Me zai sa yaro ya zuba duk jarinsa a ƙarfen da ya girme shi?

Kawu Bello Mai Gyara:
Mahamat maganarka gaskiya ce a wajen mai sono irin naka. Sadiƙu wasan biki yake yi a unguwa, inda sono ɗin bafil biyu ne a kan sanda da gurup, wato janareta, yana tari a bayan rumfa. In ya saka bas cikin waɗannan bafil ɗin tare da murya da piyano, muryar mawaƙi ce za ta fara dusashewa, mai sono kuma ya rage shi har ya ɓace. Sannan ƙananan nan masu sauƙi, ban ce ba su da kyau ba, amma ranar da wutar gurup ta yi tsalle ta taɓa su, allon cikinsu ƙwayoyi ne ƙanana da ido ma da kyar yake gani, sau da yawa sai dai a canza allon gaba ɗaya, kuma ina allon yake a nan?

Mahamat Sono (Njamena):
Regilato mai daidaita wuta ai don haka aka yi shi Kawu. Ni ko tsoho ko sabo ba na soka komai a gurup ba regilato.

Nura Piyano:
Ni fa tambayata daban. Bikin Hausawa nawa ne yanzu ake kiran mai bas? Hannuna na hagu a kan Yamaha PSR yana yin bas ɗin, mai biki ya biya mutum ɗaya. Sadiƙu da ka ƙara kuɗi ka sayi piyano da ka fi samun kira.

Ɗanjuma Bas (Marwa):
Nura kar ka kashe ma yaro gwiwa. A ƙasar da ta haifi Jean Dikoto Mandengue da Vicky Edimo da Aladji Touré da Armand Sabal-Lecco da Etienne Mbappé za ka ce a bar bas? Duniya ta san Kamaru da wannan kayan kiɗan fiye da kowane. Mu ne a arewa muka yi sake muka bar wa kudu. Ka saurari yadda bas na hannu ke zama da kalangu in makaɗan sun fahimci juna, kalangu ya yi magana bas ya amsa, ya ja baya kaɗan ya ba shi wuri, na'ura ba ta san ja da baya ba. Kuma coci-coci da kabare da masu makosa da bikutsi a Garwa da Marwa duk suna neman mai bas, aiki bai ƙare ba.

Hajiya Mairo (Ngaundere):
Ni ba makaɗiya bace, hayar kayan sono da rumfuna nake bayarwa, amma bari in sa baki a maganar kuɗi tunda ita na sani. Sadiƙu ɗana, wannan zancen wai akwai wani mai so, duk ɗan kasuwa yana yin sa. Kuma rabin kuɗi ta waya ga wanda ba ka taɓa gani ba, in kaya suka iso a karye wa za ka kama, shi ko direba? Ba ka da kowa a Duwala? New Bell cike take da Hausawa. Ka nemi ɗan uwa ya je da ƙafarsa, a kira ka bidiyo, a yi duk abin da Malam Bello ya lissafa kana kallo. In an daidaita ɗan uwan ya biya hannu da hannu ya karɓi takarda, shi zai naɗe kayan. Gita kar a yarda a ɗora ta saman kar cikin rana ƙarƙashin buhuna, a sassauta tsirkiyoyin kaɗan a naɗe ta da bargo a kwali. In ta jirgin ƙasa za ta biyo daga Yawunde, ka faɗa min in sa yarana su karɓa a tasha su ajiye maka.

Sadiƙu Yelwa:
Hajiya Allah ya ƙara girma, na gode. Akwai ɗan wan babana yana sayar da takalma a can, na kira shi yace zai je da safe.

Ɗanjuma Bas (Marwa):
To ka ƙara masa da wannan, wuya. Ni a tsohuwar bas wuya nake saye, sauran duk ana canzawa. Tsirkiya huɗu suna jan wuyan nan da ƙarfin da ya kai kilo 70 zuwa 80 dare da rana, abin da ke riƙe shi sandar ƙarfen da ke ciki ce. Ya ɗaga gitar ya hango tsawon wuyan daga kai, in ya ɗan lanƙwasa gaba kaɗan daidai ne, in ya murɗe gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi a bar ta ko kyauta ce. Sannan ya danne babbar tsirkiya a firet, wato ƙarafan da ke gicciye a fuskar wuyan, na farko da na ƙarshe lokaci ɗaya, ya duba tsakiya wajen firet na 7 ko 8, ratar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfen kada ta wuce kaurin kati. Sai a sa makulli a juya sandar kwata ɗaya a dawo da ita. In ta ƙi motsi ko tana juyawa a banza ba ta kama komai, wannan gitar ta gama.

Kuma ka sani duk gitar da ta taso daga Duwala sai ta canza hali a wajenmu. Can damshi, nan hunturu ya busar da komai, ga zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40. Itacen fuskar wuya yana tsukewa, ƙarfen firet ba ya tsukewa, sai ka ji bakinsu ya fito yana yankar hannu. Ba lalacewa bace, a goge bakin da ƙaramin fayil. Ka bar ta ta zauna sati biyu ko uku cikin jakarta a ɗaki kafin ka sa a daidaita ta, kuma kar ka jingina ta a bangon da rana ke duka.

Abbati Kusri:
Ni har yanzu ina ganin in Allah ya sa ta gaske ce za ku sa yaro ya yi asarar abin da ba zai ƙara gani ba. Amma na yarda a je a gani.

Mahamat Sono (Njamena):
Wani abu Sadiƙu, in ka ɗauki ampli ɗin nan gaba za ka so ƙara bafil na biyu. Ka karanta bayansa ka ga mafi ƙarancin om da yake ɗauka. Bafil biyu masu om 8 in ka haɗa su sun zama 4. Biyu masu om 4 sun zama 2, ampli da yawa ba sa jure wannan, zafi zai yi ya mutu. Kuma wat ɗin da za ka duba RMS ne, wato ƙarfin da yake iya bayarwa a kai a kai, ba manyan lambobin da ake mannawa a gaban kayan kasuwa wai wat 5000 ba. Ampeg SVT da ya fito a 1969, wanda har yau ake gani a manyan dandamali, wat 300 ne kawai, da akwatinsa mai sifika takwas 'yan inci 10. Amma kansa kaɗai ya kusa kilo 40, akwatin ya haura 60, kwalaben lantarki na gilashi ne kuma a cikinsa, ba kayan hawa babur bane.

Kawu Bello Mai Gyara:
Daidai. In ma bafil ɗin ya zama akwatinsa ne ya ruɓe sifikar na da rai, a ciro sifikar kawai a turo, kuɗin mota ma ya ragu. Akwai kafintoci a nan da za su yi maka akwati da filawud mai mili 18, sai dai a auna na asalin a kwaikwayi faɗinsa da zurfinsa da girman ramin iskar, kar kafinta ya yi da ka. Akwatin da aka yi da ka shi ne ke buuu a nota ɗaya, sauran notocin su ɓace.

Sadiƙu Yelwa:
Salam jama'a, ga labari. Ɗan uwana ya je mun yi bidiyo. Bayan gitar noti huɗu ne, kan ba lambar komai, da aka ce a kwance farantin maɓallai mai shagon yace shi ba ya kwance kaya. Sandar wuya kuma tana juyawa ba ta kamawa, tsirkiyoyin sun yi sama sosai. Ampli an rubuta 220 a bayansa, an kunna ya yi shiru ba huuu, an bar shi yana kiɗa har muka gama magana bai yanke ba. Sifika an danna ba ta goga, pil ma ta amsa, an rubuta om 8, gefenta na yadi ne. Akwatin filawud ne amma kusurwa ɗaya ta fashe. Yace ampli da bafil ba gita dubu 170, ɗan uwana ya taya 120 bai sallama ba tukuna.

Abbati Kusri:
To shi kenan, gitar a bar masa.

Hajiya Mairo (Ngaundere):
Ya tashi ya tafi kamar ya fasa, ya bar lambarsa. Kar ya wuce 140, akwai kuɗin mota a gabanka.

Ɗanjuma Bas (Marwa):
Da abin da ya rage ka nemi Yamaha ko Ibanez ko Cort ta hannu wadda za ka riƙe da hannunka kafin ka biya. Akwai wani abokin wasana a Domayo da ke son sakin Yamaha RBX ɗinsa mai tsirkiya huɗu don ya koma mai biyar, ba ta amfani da pil, kuma ta shekara da shekaru a Marwa ta saba da iskarmu. In kana so ka shigo mota ranar Asabar ka gwada ta da kanka. Ka ware kuɗin sabbin tsirkiyoyi masu lambar kauri 45 zuwa 105, na kanta an dafa su a ruwan zafi har sun gaji.

Sadiƙu Yelwa:
In sha Allahu Yaya, zan kira ka daren Juma'a. Kawu in ampli ya iso in kawo shi shago kai tsaye?

Kawu Bello Mai Gyara:
Kai tsaye, kar ka soka shi a gida. Zan buɗe in hure ƙurar in duba fiyus ɗin ko an ɗaure shi da waya, in ga ko girgizar hanya ta saki wani abu. Ka taho da kebul ɗin da za ka riƙa haɗa shi da bafil, na sifika mai kauri nake nufi ba na gita ba, in ba ka da shi sai mu haɗa a nan.